Robert Smalls: Bawan da Ya Nemi Kujerar Majalisa Sau Takwas



Kwanan baya, a ajinmu na dare, wani dattijo ya ajiye allinsa ya dube ni. Ya ce: "Malam, na san gonata, na san kasuwa, na san wanda nake so in an zo zaɓe. To, wannan baƙi da wasali da kake wahalar da ni a kansu, me za su ƙara mini?" Na ce masa ya yi haƙuri, zan kawo masa amsa a rubuce, domin ya karanta da kansa. Ga amsar. Labari ne na gaskiya. Ya faru a ƙasar Amurka, kimanin shekara 150 da suka wuce.

Labarin wani mutum ne mai suna Robert Smalls. In za ku faɗi sunan, ku ce Robat Simols. An haife shi bawa. Bai koyi karatu ba sai da ya kai shekara 25. Daga 1874 zuwa 1886 ya nemi kujerar ɗan majalisar ƙasa har sau takwas. Wani zubin ya ci, wani zubin ya faɗi, wani zubin kuma ya ci aka ƙwace. Ku biyo ni a hankali, mu ga abin da ya kayar da shi daga ƙarshe.

Majalisar da muke magana

Amurka ƙasa ce mai jahohi da yawa. Kowace jaha tana da gwamnanta da ƙaramar majalisarta. Akwai kuma babbar majalisar ƙasa a birnin Washinton. Zaure biyu gare ta: na dattawa da na wakilai. Ɗan majalisar wakilai shi ne kamar wanda muke ce wa depite. Ana yanka jaha kashi-kashi, kowane kashi ana ce masa mazaɓa, kowace mazaɓa ta aika mutum ɗaya. Shekara biyu kawai yake yi, sai a sake zaɓe. Shi ya sa mutum guda yake iya tsayawa takara sau da yawa cikin ƴan shekaru.

Manyan jam'iyyu biyu ne: Ripablikan da Dimokurat. A wancan zamani Ripablikan ita ce jam'iyyar da ta ƴanta bayi. Dimokurat kuwa, a kudancin ƙasar, jam'iyyar tsofaffin masu bayi ce. Yau abin ya sake, mafi yawan baƙaƙen Amurka Dimokurat suke zaɓa. Amma ku riƙe yadda yake a da, don shi ne ya shafi labarinmu.

Yaron da aka hana allo

An haifi Smalls ran 5 ga Afrilu 1839, a garin Biyufot, cikin jahar Karolina ta Kudu. Garin yana bakin teku, tsakanin tsibirai da fadamu. Shinkafa da auduga ake nomawa a wurin, bayi ne kuma ke yin noman. Daga Afirka aka kamo kakanninsu, da yawa daga Afirka ta Yamma. Uwarsa, Lydia, baiwa ce a gidan wasu Turawa da ake kira McKee.

A wannan jaha akwai doka ta 1834 da ta haramta koya wa bawa karatu ko rubutu. Wanda aka kama yana koyarwa, tara ce, ko kaso, ko bulala. Me ya sa masu bayi suka ji tsoron karatu har suka yi masa doka? Don bawan da ya iya rubutu yana iya rubuta wa kansa takardar izinin tafiya, ya gudu. Wanda ya iya karatu kuma yana iya ɗaukar jarida ya ji abin da duniya ke ciki.

Da ya kai shekara 12 aka aika shi birnin Carleston, babbar tashar jiragen ruwa, ya yi ƙodago. Kuɗin na ubangidansa ne, sai ɗan abin da aka bar masa. Ya yi aiki a otal, ya kunna fitilun titi, ya yi dako a bakin ruwa. Sannu a hankali ya shiga jirgi, har ya zama matuƙi. Ya san kowane lungu na ruwan nan kamar yadda kuka san hanyar gonarku. A 1856 ya auri wata baiwa mai suna Hannah. Ya so ya fanshi matarsa da ɗiyarsa, aka ce sai dalar Amurka 800. Ku lura, dalar Amurka ce, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Abin da ya tara bai wuce 100 ba.

Daren malafa

A 1861 yaƙin basasa ya tashi a Amurka. Jahohin Kudu suka ɓalle don su riƙe bayinsu. Jahohin Arewa, ƙarƙashin shugaba Abraham Linkon, suka ce ƙasa ba za ta rabu ba. Sojojin Kudu suka sa Smalls tuƙa wani jirginsu mai suna Planter, mai ɗaukar bindigogi da harsasai. Jiragen Arewa kuwa suna can waje, sun tare bakin teku.

Daren 12 ga Mayu 1862, hafsoshin jirgin, Turawa uku, suka sauka suka tafi kwana cikin gari. Kafin asuba, ran 13, Smalls da ƴan'uwansa bayi suka tada injin. Suka biya suka ɗauki matansu da ƴaƴansu. Smalls ya sa malafar kyaftin ɗin jirgin, ya tsaya irin tsayuwarsa. Duk sansanin sojan da suka zo wucewa, sai ya busa usur ɗin jirgi yadda aka saba, masu gadi su ce a wuce. Da suka fita inda harsashi ba ya kai wa, suka sauke tutar Kudu, suka ɗaga farin zanen gado, suka nufi jiragen Arewa. Gari bai gama wayewa ba sun zama ƴaƴa.

Sunansa ya cika jaridun Arewa. Aka ba shi ladan dala 1,500. Ya je Washinton ya ga Linkon. A ƙarshen 1863 aka naɗa shi kyaftin na wannan jirgi da ya gudo da shi. Amma jaridun da ke yabonsa, sai dai wani ya karanta masa.

A 1864 aka aika shi da jirgin birnin Filadelfiya don a gyara shi. Gyaran ya ɗauki watanni. A nan ne ya nemi masu koya masa, ya fara karatu da rubutu. Yana da mata da iyali, yana da suna, yana da furfurar aiki, bai ji kunyar zama gaban malami ba.

Daga jirgi zuwa siyasa

Yaƙi ya ƙare a 1865, Arewa ta ci, aka soke bauta. Smalls ya koma Biyufot. Gidan ubangidansa na da, gwamnati ta sa shi kasuwa saboda ba a biya haraji ba, shi kuwa ya saye shi. Ya buɗe kanti. Ya sayi wani gini ya mai da shi makarantar ƴaƴan baƙaƙe. A 1872 har jarida ya kafa. Mutumin da bai san baƙi ko ɗaya ba shekara 10 baya, ga shi da jarida tasa.

A 1868 aka yi taron rubuta sabon tsarin mulkin jahar. Fiye da rabin wakilan baƙaƙe ne, Smalls yana cikinsu. Babban abin da ya kawo gaban taron shi ne a buɗe makarantun gwamnati kyauta ga dukan yara. Daga nan aka zaɓe shi cikin majalisar jaha, ya yi shekaru a can. A 1870 kuma aka gyara tsarin mulkin ƙasa duka, aka ce ba za a hana namiji ƙuri'a saboda launin fatarsa ba. Mata dai ba su samu ba sai 1920.

A Karolina ta Kudu, cikin kowane mutum 10, wajen 6 baƙaƙe ne. In za a ƙirga ƙuri'a tsakani da Allah, tsofaffin bayi ne za su yi rinjaye. Tsofaffin iyayengijinsu sun san haka sarai.

1874 da 1876: ya ci sau biyu

Zaɓen 1874 bai ba shi wuya ba. Ya tsaya a jam'iyyar Ripablikan, ya samu wajen kashi 80 cikin 100. A 1875 ya zama ɗan majalisar wakilai. Ya nemi a gyara tashar jiragen ruwa ta yankinsu, don mutanensa su samu aiki. Ya nemi a daina duba launin fata wajen ɗaukar soja.

Zaɓen 1876 kuwa da jini aka yi shi. Turawan Dimokurat suka kafa rundunonin mahaya dawaki masu bindiga, ana ce musu Masu Jajayen Riguna. Aikinsu su tarwatsa taron baƙaƙe, su tsorata masu zaɓe. A watan Yuli, a wani ƙaramin gari mai suna Hambag cikin mazaɓar Smalls, suka kashe baƙaƙe aƙalla 6. Smalls ya tashi a majalisa ya faɗi abin da ya faru, ya ce kada a janye sojojin gwamnati daga jahar.

Abokin takararsa George Tillman ne, mutumin gundumar Edgefield. A wannan gunduma, da aka ƙirga ƙuri'u, sai suka fi yawan mazan da suka isa zaɓe. Duk da haka Smalls ya ci, da ƙuri'a kusan 20,000, wato kashi 52 cikin 100. Mutane sun tako da ƙafa, sun wuce ta gaban bakin bindiga, sun jefa masa. Ku riƙe wannan lamba ta 20,000, za mu komo kanta.

1878: kotu da faɗuwa

A watan Afrilu 1877 sabon shugaban ƙasa, Hayes, ya janye sojojin da ke tsaron gwamnatin jahar. Mulkin Karolina ta Kudu ya koma hannun Dimokurat. Ba su ɓata lokaci ba. A wannan shekara suka kai Smalls kotu, suka ce ya karɓi cin hancin dala 5,000 tun yana majalisar jaha. Babban mai shaidar, mutum ne da ya amsa da bakinsa cewa shi kansa ya ci kuɗin gwamnati. Aka yanke wa Smalls shekara 3. Ya ɗaukaka ƙara, aka ba da belinsa bayan ƴan kwanaki. Shi dai ya ce sharri ne. A 1879 gwamna ya yi masa afuwa, ita kuma gwamnatin ƙasa ta janye ƙararrakin da ta shigar a kan ƴan Dimokurat masu maguɗin zaɓe. Musaya aka yi.

Da wannan tabo ya shiga zaɓen 1878. Masu Jajayen Riguna suka hana shi sakat. A wani ƙauye suka far wa taronsa da harbi, sai da ya fake cikin kanti.

Suka kuma fito da sabuwar dabara. A lokacin gwamnati ba ta buga takardar zaɓe, kowace jam'iyya ita ke buga tata. Dimokurat suka buga wasu a kan takarda shara-shara, mai laushi ƙwarai. Mutum guda sai ya naɗe da yawa cikin ɗaya ya jefa. In an buɗe akwati aka ga takardu sun fi masu zaɓe yawa, doka ta ce a rufe wa wani ma'aikaci ido, ya sa hannu ya fitar da rarar. To, hannu ai yana jin bambancin takarda mai kauri da mai laushi. Sai ya riƙa zaro masu kauri, na Ripablikan, a zubar.

Tillman ya ci. Smalls bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

1880: an ƙwace, ya ƙwato

Wani da ya koma kantinsa ya zauna. Smalls ya sake tsayawa a 1880, ya sake karawa da Tillman. Aka sake shelar Tillman ne ya ci. Wannan karon Smalls ya kai ƙara gaban majalisar wakilai kanta, don ita ke da ikon yanke hukunci a kan zaɓen ƴaƴanta.

Irin wannan ƙara aikin takarda ce. Sai an nemo shaidu, an rubuta maganar kowa, an sa hannu, an jera lambobin kowace rumfar zaɓe. Smalls da lauyoyinsa suka tara shaidar waɗanda aka kora da bindiga da waɗanda aka hana kaiwa ga akwati. Ran 19 ga Yuli 1882 majalisa, wadda Ripablikan ke da rinjaye a cikinta, ta ce Smalls ne ya ci. Aka tada Tillman, aka zaunar da shi. Sai dai wa'adin ya kusa ƙarewa. Cikin shekara biyu da jama'a suka ba shi, abin da ya samu bai kai wata takwas ba.

Dokar akwati takwas

Shugabannin Dimokurat suka ga harbi da cusa takardu suna jawo musu ƙara da surutu a jaridun Arewa. Suka nemi hanyar da ba ta da ƙara. A 1882 suka same ta. Ku karanta wannan sashe da kyau, don nan ne zuciyar labarin.

Da farko suka yi dokar rajista. Duk wanda bai rubuta sunansa cikin ƴan watannin da aka sa ba, ya rasa ƙuri'arsa. Wanda ya ƙaura, ko daga wannan gona zuwa waccan ne, sai ya sake takarda. Masu aikin gonar wani kuwa kullum cikin ƙaura suke.

Na biyu, suka ce kowane muƙami da akwatinsa: na gwamna daban, na ɗan majalisar jaha daban, na ma'aikatan gunduma daban, har akwati takwas. A jikin kowane akwati an rubuta sunan muƙamin. Takardar zaɓe kuma fara ce fat, ba hoto, ba alama, ba launi, sai rubutu. Mai zaɓe zai shiga shi kaɗai. In ya jefa takardar gwamna cikin akwatin wani muƙami, ta lalace, ba za a ƙirga ta ba.

Ku da kuka taɓa jefa ƙuri'a a nan ƙasarmu, kun san yadda hoton ɗan takara da alamar jam'iyya suke taimakon wanda bai yi karatu ba. To, ku ɗauka an cire hoton, an cire alamar, an jera muku akwati takwas iri ɗaya. Yaya za ku yi?

Doka ta ce in mai zaɓe ya tambaya, ma'aikacin rumfa ya karanta masa. Amma ma'aikatan ƴan Dimokurat ne. Bature ɗan'uwansu da bai iya karatu ba, sai su nuna masa daidai. Baƙi kuwa, ko su yi shiru, ko su karanta masa ƙarya. Baƙaƙe suka yi dabara, suka haddace jerin akwatunan: na farko na wane, na biyu na wane. Da ma'aikatan suka gane, sai su riƙa sauya wa akwatunan wuri. Haddar ta tashi a banza.

Mafi yawan manyan baƙaƙen jahar ba su iya karatu ba. Ta yaya za su iya, alhali suna yara doka ta hana a koya musu? Waɗanda suka hana su allo jiya, su ne yau suka ce sai mai karatu zai gane akwati. Dokar ba ta ambaci launin fata ko sau ɗaya ba. Ba ta bukata.

Na uku, suka sake yanka mazaɓu. Suka tattara yankunan da baƙaƙe suka fi yawa, suka cusa su cikin mazaɓa guda, ta bakwai, mai siffa a karkace. Nufinsu, in baƙaƙe za su ci, su ci kujera ɗaya, sauran shida su zama na Dimokurat.

1882, 1884, 1886

Kujera ta zama ɗaya, masu so da yawa. A 1882 Smalls ya nemi jam'iyyarsa ta tsayar da shi a sabuwar mazaɓar, amma aka ba wani Bature ɗan Ripablikan mai suna Edmund Mackey. Mackey ya ci, sai ya rasu a watan Janairu 1884. Aka yi zaɓen cike gurbi, Smalls ya ci, ya koma majalisa a watan Maris. A watan Nuwamba na wannan shekara aka yi babban zaɓe, ya kayar da William Elliott, wani lauya ɗan Dimokurat, tsohon hafsan sojan Kudu.

A 1886 suka sake karawa. Dimokurat sun ga ko wannan kujera ɗaya ba sai sun bari ba. Cikin Ripablikan ma kai ya rabu. Aka soke ƙuri'un wasu rumfuna da Smalls ke da ƙarfi. Aka ce Elliott ya ci da ratar ƙuri'a ɗari biyar da ƴan kai.

Yanzu ku komo kan lambar da na ce ku riƙe. A 1876, ana harbi, Smalls ya samu kusan 20,000. A 1886, a mazaɓar da baƙaƙe suka fi yawa fiye da ta farko, bai kai 6,000 ba. Mutanen suna nan, ba su mutu ba, ba su ƙaura ba. Wasu ba su da takardar rajista. Wasu sun jefa cikin akwatin da ba shi ba. Wasu sun gaji, sun zauna gida.

Ya sake kai ƙara majalisa. Wannan karon Dimokurat ke da rinjaye, suka bar wa Elliott kujerar. Smalls ya fita a watan Maris 1887, bai sake komawa ba. Ga lissafin duka:

1874: ya ci.
1876: ya ci.
1878: ya faɗi.
1880: an ce ya faɗi, majalisa ta mayar masa a 1882.
1882: jam'iyyarsa ta tsayar da wani.
1884, cike gurbi: ya ci.
1884, babban zaɓe: ya ci.
1886: an ce ya faɗi, ƙararsa ba ta yi nasara ba.

1895: an rufe ƙofa

Bayan haka gwamnatin ƙasa ta naɗa shi shugaban duwan na tashar Biyufot. Ya riƙe aikin wajen shekara 20. Amma akwai sauran faɗa ɗaya.

A 1895 Benjamin Tillman, ƙanen wancan George, wanda ya yi gwamna, ya kira taron sake tsarin mulkin jahar. Bai ɓoye nufinsa ba: a raba baƙaƙe da ƙuri'a gaba ɗaya. Wakilai 160 ne, baƙaƙe 6 kawai, Smalls yana cikinsu. Sabon tsarin ya ce mai son rajista sai ya biya harajin kai, sai kuma ya iya karantawa da rubuta kowane sashe na tsarin mulki, ko kuwa ya mallaki dukiyar dala 300. Don kada Turawa jahilai su faɗa ramin, aka bar musu ƙofar baya ta ɗan lokaci: a karanta wa mutum sashe, in ma'aikaci ya ce ya fahimta, shi ke nan.

Smalls ya tashi ya yi magana. Ya ce mutanensa ba sa neman a yi musu wata gata, abin da suke nema a ba su dama daidai da kowa. Su shida suka ƙi yarda da tsarin. Aka zartar da shi, ba a ko kai shi gaban jama'a sun jefa ƙuri'a a kansa ba.

Smalls ya rasu ran 23 ga Fabrairu 1915, yana da shekara 75, a gidan nan da aka haife shi bawa a bayansa. Baƙin ƙarshe da ya wakilci jahar a Washinton, George Murray, ya sauka a 1897. Ba a sake ganin wani ba sai James Clyburn a 1993. Shekara 96 ke nan.

Aji a bayan kanti

Labarin bai ƙare a kabarinsa ba. A wannan gaɓar teku akwai wani tsibiri da ake kira Johns, kusa da Carleston. Wani manomi mai motar haya, Esau Jenkins, yana kai mutane aiki birni. A cikin motar ya fara koya musu sassan tsarin mulkin da ake tambaya wurin rajista. Ya haɗa kai da wata malama, Septima Clark. A watan Janairu 1957 suka buɗe ajin manya a ɗakin baya na kantin ƙungiyarsu, inda idon Turawa ba ya kai wa. Wadda suka sa koyarwa, Bernice Robinson, mai gyaran gashi ce, ba ta taɓa aikin malanta ba.

Mutum 14 suka fara. Dare biyu a mako suke haɗuwa, a watannin da aikin gona ya yi sauƙi, kamar yadda muke yi da rani. Suka koyi rubuta sunansu, da karanta wasiƙa, da cika takardar aika kuɗi ta gidan waya. Sannan suka tafi ofishin rajista. Irin wannan aji ya bazu cikin tsibiran, daga 1961 kuma ƙungiyar Martin Luther King ta kai shi jahohin Kudu duka. Dubban mutane suka yi rajista ta wannan hanya. A 1965 majalisar ƙasa ta yi dokar da ta dakatar da jarrabawar karatu wurin zaɓe a jahohin nan.

Amsa ga dattijona

Baba, ga amsarka. Ba zan yi maka ƙarya ba: karatu ba ya tare harsashi. Smalls ya iya karatu, kuma an ƙwace masa kujera. Akwai baƙaƙe masu ilimi da ma'aikatan rajista suka kora da gangan. Amma ka duba inda masu zalunci suka sa tarkonsu da suka ga bindiga ba ta isa ba. A kan rubutun jikin akwati suka sa shi. Mutum ya fito da sassafe, ya yi layi, ya jefa takardarsa, ya koma gida yana murna, bai san ƙuri'arsa ta lalace ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wannan tarko ba a rumfar zaɓe kaɗai yake ba. Yana kan sikeli ranar sayar da gyaɗa ko albasa. Yana kan rasit ɗin haraji, da takardar bashi, da takardar gona da za a ce ka dangwala yatsa. Wanda ya iya karanta lamba da suna, da wuya a juya masa akwati yana kallo.

In kun haɗu a aji, ku tattauna waɗannan tambayoyi:

1. Me ya sa aka hana bayi karatu a 1834?
2. Yaya dokar akwati takwas ta rage ƙuri'un Smalls?
3. A garinku, waɗanne takardu ne mutane ke dangwala wa yatsa ba su san abin da ke ciki ba?

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai fara zuwa aji ba. Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku, ko da layi biyu ne. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.